Mota a Tafin Hannu

A Kasuwar Barci na tsinci kwalin,
tsakanin takalman gwanjo da wata tsohuwar fanka.
Mai kaya ya ce, Baba, wasan yara ne.
Na ce ai tsufa ma yarinta ce ta yi kome,
na biya, na saƙale shi a hammata.

Da na buɗe a gida, babu mota.
Gutsattsarin roba ne farare jere a jikin sanda
kamar tsiren da bai ga wuta ba.
Ƙofa nan, taya can, sitiyari bai kai kwabo ba,
inji mai fulogi takwas
an ɓare shi biyu kamar goro.
A bayan kwali kuwa ga ta tsaye,
doguwar hanci, faffaɗar ƙirji, 'yar Amurka,
irin wadda ke gurnani tun ba a taka ta ba.

Shekara ashirin da uku na yi a Kakuri
ina fesa wa Fijo fenti,
ni da Bulus mutumin Kagoro, kafaɗa da kafaɗa.
Jiniya ta kira mu, jiniya ta sallame mu,
har ranar da takarda ta sallame mu gaba ɗaya.
Mota nawa ta bi ta hannuna? Allah masani.
Ko ɗaya ba ta kwana ƙofar gidana ba.

Yanzu ga reza, ga gam, ga tsinken sakace,
ga matsefatar Ladidi da na ara ban faɗa ba.
Hannu na rawa, alhali ban kira makaɗi ba.
Sai in riƙe numfashi in ɗora kafireta,
ba na saki sai gam ya kama.

Ran Laraba madubin gefe ya yi tsalle.
Bai fi ƙwayar masara ba.
Na ɗaga tabarma, na haska ƙarƙashin gado,
na zargi kaza, na zargi tsintsiya.
Jikata Tasalla ta gano shi manne a gwiwar hannuna,
ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ce tukuicinta ita za ta zaɓi launi.
Baƙi na so. Ta ce ruwan goro.
Muka shirya a kan ruwan goro
da zane biyu baƙaƙe tun daga hanci har wutsiya.

Damina ba ta shiri da fenti, na sani.
Na goge da samfefa, na yi shafin fari siriri,
na jira kwana biyu ina sauraron kwanon rufi.
Na biyu ya bi. Na uku ya kwanta sumul
har na hango furfurata a ciki.
Daren nan aka kawo wuta bayan ruwa,
shinge suka yi wa ƙwai dafifi,
guda ya sauka a tsakiyar bonet
ya bar mini fiffikensa ya tafi.

Ban zagi kowa ba.
Da safe na kankare, na koma farko,
kamar yadda aka koya mana can.

Ran Asabar Bulus ya haye gada ya zo daga Barnawa.
Ya sa tabarau, ya ɗora ta a tafin hannu,
ya juya ta gabas, ya juya ta yamma,
ya leƙa salansa, ya hura gilashi,
ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, Haladu, fenti ya yi hawaye a ƙofar hagu.
Har yau hannunka na da nauyi ta wannan gefe.

Na karɓa na duba. Gaskiyarsa.

Da zai tafi ya tsaya a zaure yana ɗaura takalmi,
bai ɗago kai ba ya ce,
a wane layi ka ce mai kwalin yake zama?

Ga ta can bisa rediyo, ba ta bin layin mai.
Tasalla ce ke yi mata kukan inji da baki.
Wannan dai ta kwana a gidana.